Hannun Lambu

Zuwa ga Kakana, tsoho mai ran ƙarfe,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka a tsugune cikin tukwanen dashenka, don na san ba za ta same ka a kwance ba ko da likita ya yi rantsuwa. Yaya gwiwar? Yaya Goggo da hawan jininta? Ni lafiyata ƙalau, sai kewarku. Na kira ka sau uku kana ta "Iye? Wa ke magana?" har na haƙura. Tunda kunnenka ya ɓata da waya, mu koma biro da takarda.

Ka ce in faɗa maka aikin da nake yi ba tare da manyan kalmomi ba. To ga shi. Kaka, ashe ganye yana da abin da yake fitarwa a jikinsa in ya shiga wahala, kamar yadda gumi ke karyo wa mutum. Iri biyu muke bi. Ɗaya sinadarin ƙishi ne: in ƙasa ta bushe sai ya ƙaru, ya sa ganyen ya tsuke 'yan ƙofofin da yake numfashi da su. Ɗayan na rauni ne: in tsutsa ta ciji ganye, cikin 'yan mintoci ya tashi. Aikina in auna su a ganyen wake iri shida, mu gane wanne ya fi jure fari da ƙwari.

Matsalar ita ce yankan kansa rauni ne. Saboda haka daga sa almakashi zuwa daskarewa ba a wuce sakan goma. A yanka, a cusa a 'yar kwalba, a jefa cikin ruwan naitirojin, wani ruwa mai hayaƙi da in ka tsoma fure a ciki ka fito da shi zai farfashe kamar gilashi. Sannan a daka ganyen a ƙaramin turmi na tangaran yana daskare, har ya zama gari. A auna garin a sikelin da numfashinka ma yana motsa shi, a jiƙa shi, a wulwula a inji, a tace, a ba na'ura. Ita kuma ta ware abubuwan ɗaya bayan ɗaya, ta zana wa kowanne tudu a allon kwamfuta. Girman tudun, yawan sinadarin.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan rakiya. Kafin a jiƙa garin, ana ɗiga masa wani sinadari tagwan wanda muke nema, sai dai ya ɗan fi nauyi, kuma mun san yawan da muka ɗiga. In rabin ɗan rakiya ya ɓata a hanya, mun san rabin namu ma ya ɓata, sai mu gyara lissafi. Wanda ya fara tunanin nan, Allah ya yi masa kai!

Mai koya mini wata baiwar Allah ce da kowa ke kira Uwar Sanyi, don ita ke riƙe da fulas ɗin naitirojin. Shekara ashirin da bakwai tana ɗakin gwajin nan. Gajeruwa ce, ba ta dariya kafin azahar. Turmi, taɓarya, cokali, duk sai ta sanyaya su kafin su taɓa ganye. Ranar farko garina ya ɗan narke a gefe, ta leƙa ta ce, "Zubar. Ƙarya zai yi miki." In ka ga hannunta yana aiki, wallahi sai ka manta da ƙiftawa. Ina so in zama irinta.

Kada ka ce na manta da kai. Kullum ni ce ta farko a rumfar gilashin da muke rainon shukokin, kafin kowa ya iso, ina bi ina gaishe su yadda ka koya mini: in murza ganye tsakanin yatsu biyu, in ɗan danna farce in ga ko ruwa zai tsatso. Da haka nake zaɓen ganyen da zan yanka in an jima.

Abu ɗaya ne ke damuna. Sinadarin ƙishi yana fitowa daidai, amma na rauni yana ta tsalle a shukokin da ko ƙuda bai sauka a kansu ba. Farfesa, shugaban aikin, ya ce in sake. Zan sake.

Ka gaida Goggo. Ka sha maganinka, ban da ɓoye shi a gwangwanin iri.

Jikarka

*

Zuwa ga jikata, Likitar Ganye,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Talata, na karanta ta sau uku, na huɗun Goggonki ta ƙwace. Gwiwa tana nan tana mulki. In na tsuguna sai na yi shawara da ita kafin in miƙe. Goggonki da sauƙi, ta dai ƙi rage gishiri. Maganar gwangwanin iri kuwa sharri ne, sau biyu kawai na yi.

Ikon Allah! Ke nan yarinyar da ta taɓa cinye mini tumatir ɗanye layi guda, yanzu ita ce ke auna gumin ganye? Na ba mai gyaran famfo labarin ɗan rakiya, ya ce bai gane ba. Na ce masa in ka aiki mutum da ƙwai goma ka haɗa shi da wani mai ƙwai goman da ka sa wa alama, in na alamar sun iso biyar, ka san hanyar ba ta da kyau. Ya ce to ya gane. Ni ma a wurin bayanin na gane.

Wannan Uwar Sanyi ki riƙe ta hannu bibbiyu. Mutumin da ke sanyaya cokali saboda ganye ba zai cuce ki ba. Ki gaishe ta, ki ce wani tsoho mai sayar da dashe ya sara mata.

Da na zo wurin da kika ce kina gaida shukoki da safe, sai da na cire tabarau na goge. Ashe ba a banza na riƙa jan ki cikin raɓa kina kuka ba. Shawarata a kan wannan tsalle-tsallen ita ce: na'ura ba ta fi yatsa ba. Wataƙila akwai marasa lafiya a cikin shukokin da ido bai gani. Ki ƙara murzawa da kyau, sama da ƙasa, kowane ganyen da za ki yanka ki bi shi sau biyu. Wanda ya yi laushi ki bar shi. Shekara arba'in yatsan nan bai ba ni kunya ba.

Ki ci abinci. Hoton da kika aiko wa Goggonki, wuyanki kamar na zakaran da ya sha ruwan sama.

Kakanki

*

Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata gwiwa ta sassauta. Ni jikina lafiya, raina ne babu daɗi, ka yi haƙuri da gajeruwar takarda.

Na yi yadda ka ce, na bi kowane ganye sau biyu. Sakamakon ya fi na da muni. Uwar Sanyi ta tsaya a kaina da agogo ina yanka: sakan takwas, ta ce ko ita iyakarta ke nan. Ta canza mini turmi, ta canza ruwan jiƙo, ta wanke na'urar kwana biyu. Ɗan rakiya yana isowa lafiya, wato ba a hanya abin yake lalacewa ba.

Sai makon jiya mura ta kwantar da ni kwana ɗaya, Uwar Sanyi ta yanka a madadina. Kaka, nata ya fito tsaf, kamar an ja layi da rula. Shukoki ɗaya, na'ura ɗaya. Farfesa ya ajiye takardun biyu gefe da gefe a gaban kowa ya ce, "To, saura me ya bambanta in ba hannu ba?" Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

Saura tukwane arba'in da takwas, na ƙarshe, za su isa yanka nan da mako biyar. In nawa ya sake watsewa, za a ba wani ɗalibi aikin, shekara biyun da na yi sun tafi ke nan, sai in tattaro kayana. Ba na ganin laifinsa. Ina kallon hannun Uwar Sanyi ina kallon nawa. Wataƙila hannun da na taso da shi na lambu ne, ba na ɗakin gwaji ba. Da ma wani hannun aka ba ni.

Ka sa ni a addu'a.

Jikarka

*

Kakana,

Sallama da gaisuwa. Yau mako uku ke nan ba amsa. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu har mai gadi ya fara tausaya mini. Na kira Goggo, ta ce lafiyarka lau, kana ci kana sha, amma tun da ka karanta takardata ka ninke ta ka sa a gwangwanin iri, in ta yi maganata sai ka ce za ka je ban ruwa.

Me na yi? In wata magana ce ta fita ba daidai ba, ka yafe mini, a cikin ɓacin rai na rubuta. Ka zage ni ma na yarda, amma kada ka yi mini shiru. Waken sun yi ganye huɗu. Saura mako biyu.

Jikarka, ko kana so ko ba ka so

*

Zuwa ga jikata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, Goggonki ma haka. Ki zauna ki karanta wannan da kyau, kuma na roƙi Allah ya sa ta riga almakashinki isowa.

Gaskiya na yi fushi, ba zan ɓoye ba. "Da ma wani hannun aka ba ni." Wa ya ba ki wanda kike da shi? Ni ne. Tun da ubanki ya rasu kina shekara huɗu, hannun nan nake riƙewa ina ɗora shi a kan ganye. Sai na karanta cewa kin shiga cikin masu farar riga kin fara jin kunyar mai lambu. Na ce to shi ke nan, ta je Uwar Sanyi ta zama kakarta. Kin ga tsufa ko? Mutum ya yi kishi da matar da bai taɓa gani ba. Da takardarki ta bayan nan ta zo na sake ɗauko waccan mai maganar hannu, na ga ashe ba ni kike zagi ba, kanki kike zagi. Wannan ya fi ba ni haushi.

Yanzu ga maganar. Shekaranjiya da safe ina shafa tumatir ɗin dashe. Kin san yadda nake yi, in bi kansu da tafin hannu sau goma zuwa, sau goma dawowa, don kada su yi tsawo su langaɓe, su yi gajeru masu kauri yadda masu saye ke so. Ina cikin yi ina ta yi miki faɗa a zuciyata, sai hannuna ya tsaya cak. Na ce kai tsoho, me ya sa suke yin gajeru? Ai don sun ji hannun ne. Layin bakin hanya ma, wanda masu saye ke tattaɓawa, kullum ya fi na ciki gajarta. Shekara arba'in na san wannan, da shi nake ci. To in shuka tana jin tafin hannu har ta canza tsayinta, yaya za ta yi da farce?

Na koma takardarki ta farko. Kin ce sinadarin rauni yana tashi cikin 'yan mintoci. Kin ce kina murza ganye ki danna farce, sannan in an jima ki dawo ki yanka shi. Kin ce ba kowa a rumfar lokacin. Ranar da mura ta kwantar da ke, wa ya gaida waken? Babu. Shi ya sa na Uwar Sanyi ya fito tsaf.

Jikata, na'urarku ba ta yi ƙarya ba, yankanki ma ba shi da aibu. Farcenki take aunawa. Kuma da kika kawo kuka, ni da bakina na ce ki ƙara murzawa sau biyu. Innalillahi! Na zauna a kan bokiti na kasa tashi, ba kuma gwiwa ce ta hana ni ba.

Ban yi karatunku ba, ina iya yin kuskure. Amma ki je wurin Uwar Sanyi ki faɗa mata komai, kada ki rage. Ki ce kakanki ne ya koya miki, laifin a rubuta shi da sunana. Daga yau har ranar yanka, in kin shiga rumfar nan ki sa hannuwanki a aljihu. Ki zaɓi ganye da ido. Abin da na koya miki, ki ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalmanki.

Goggonki za ta kai wannan gidan waya yanzu, na hana ta ko shan ruwa.

Kakanki mai laifi

*

Zuwa ga Kakana, shugaban masu bincike na duniya,

Assalamu alaikum. Yaya gwiwa, yaya Goggo? Ni kam lafiya har ta yi yawa. Bari in bi da kai a hankali, don na san in na faɗi ƙarshen tun yanzu ba za ka karanta sauran ba.

Takardarka ta iso Litinin da hantsi, yanka kuwa Laraba. A tsaye na karanta ta a bakin akwatin. Da na zo "farcenki take aunawa" sai na dubi babban yatsana, ga koren ganyen safiyar nan a ƙarƙashin farcen. Kaka, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara biyu ina wanke turmi sau uku, ina sa safar hannu, ina ƙirga sakan, ashe tun ƙarfe bakwai na gama ɓata aikin da hannuna, ina murmushi.

Na sami Uwar Sanyi tana cika fulas. Na karanta mata takardar tun daga tumatir har bokiti. Ta ce, "Nuna mini." Na kama ganyen wata shukar da ba ta cikin gwaji na murza. Ta ce, "Kullum?" Na ce kullum. "Kowane ganye?" Na ce wanda zan yanka ma sau biyu. Sai matar nan ta zauna a kan kujera ta yi ta dariya har da hawaye, ga shi ko azahar ba a yi ba. Da ta nutsu ta ce ita ma da laifinta: ta binciki turmi, ta binciki na'ura, ba ta taɓa tambayata abin da nake yi kafin ta iso ba.

Amma ba ta yarda da maganarka haka kawai ba, kuma a nan na ƙara girmama ta. Ta ce, "Kakanki ya kawo zato mai kyau. Zato ba sakamako ba ne." Akwai tukwane goma sha biyu na ajiya da ban taɓa kula su ba. Ta raba su biyu. Shida ta ce in gaishe su irin gaisuwarka, shida kada in ko matsa kusa. Muka yanka wasu bayan minti biyar, wasu bayan rabin awa, wasu bayan awa biyu. Manyan tukwanen arba'in da takwas kuwa ta roƙi Farfesa ya ɗaga yankansu zuwa Juma'a, su huce daga murzar da na yi musu. Kwana huɗun nan in zan shiga rumfa sai ta ɗora mini tire a hannu biyu, ko babu komai a kai. Sau ɗaya na ajiye shi, ta ce, "Ɗauki!" ba tare da ta waiwayo ba.

Ranar da sakamako ya fito mu uku ne a gaban allo, ni da ita da Farfesa. Waɗanda ban taɓa ba, sinadarin rauni yana kwance, da ƙyar ake ganin tudunsa. Waɗanda na gaisar, a minti biyar ya ɗaga kai, a rabin awa ya yi tsiri, a awa biyu ya fara sauka. Rabin awa, Kaka. Daidai tazarar da ke tsakanin gaisuwata da almakashina. Sannan aka buɗe na arba'in da takwas, waɗanda na zaɓa da ido na yanka da hannuna. Tsaf! Har an ga iri biyu da suka fi sauran jure ƙishi.

Farfesa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Aikinki ne, ki ci gaba." Sannan ya ce wa ya gano? Uwar Sanyi ta riga ni: "Wani mai sayar da dashe." Ya nemi takardarka, na ba shi bayan na ninke wurin kishin. Ya sa an rubuta sabuwar doka an manna a ƙofar rumfa, cewa ba a taɓa ganyen gwaji kafin yanka. Kuma yana so a sake gwajin murzar da kyau, don haka ya ce in tambaye ka: sau nawa kake shafa tumatir, da wane ƙarfi, da wane lokaci, kuma daga kwana nawa kake ganin sun canza? Ka rubuta dalla-dalla, ban da "yadda dai hannu ya ji."

Maganar da na yi a kan hannu, na janye ta, ka yafe mini. Wanda ya ɓata aikin da wanda ya gyara shi duk daga lambu ɗaya suka fito. Uwar Sanyi ta ce in gaya maka ta karɓi sarawar, ta mayar maka da biyu, kuma da na tsegunta mata maganar kishin ta ce ba ta son kujerarka ta kaka.

Abu ɗaya ne ban faɗa wa kowa ba. Da safe in na shiga rumfar hannu a aljihu, sai in ji kamar na wuce ka a hanya ban gaishe ka ba.

Jikarka

*

Likitar Ganye,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Goggonki ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Gwiwa kuwa ranar ban ma tuna da ita ba.

Ki faɗa wa Farfesa: sau goma zuwa, sau goma dawowa, da safe bayan raɓa ta bushe, da ƙarfin da za ki shafa kan jariri. Daga kwana na takwas ake ganin bambanci. Na gwada a layi biyu na bar layi biyu, ina aunawa da tsinken tsintsiya, tunda na ji zato ba sakamako ba ne. In ya ga dama ya aiko mini da farar riga.

Jiya na ce bari in gwada irin taku, na zagaya lambu hannu a baya. Ban kai layi na biyu ba na ga yatsana a kan ganyen barkono. Na tsaya ina kallonsa. Shekara arba'in ina murza ganye ina tambayarsa lafiya, a zatona ni kaɗai ke magana. Ashe yana amsawa tun kafin in kai ƙarshen layi, kunnen ji ne ba ni da shi, sai da jikata ta je ta daka shi a turmi ta jiyo mini. Na gode. Ban taɓa zaton zan san wannan kafin in mutu ba.

Dokar ƙofar nan ki bi ta sosai, kada in ji an ce. Amma ga 'yan ƙwayoyin tumatir guda biyar na naɗe a cikin takardar nan, daga layin da kika cinye ne, irin bai ɓata ba. Ki shuka su a gwangwani ki ajiye a tagar ɗakinki, inda ba ruwan Farfesa da su. Kada ki auna su, kada ki rubuta su a littafi. Kafin ki fita da safe ki murza ganye ɗaya, ni ma a nan lokacin ina kan nawa.

Kakanki